Sunayen Turare a Hausa da Tarihin Fatauci

Sunayen turaren da ake ji a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa ba lokaci guda suka shigo Hausa ba. Idan aka bi asalinsu, ana iya raba su kashi uku, kowane kashi da zamaninsa da hanyar da ya biyo.

Kashi na farko shi ne na tsirran ƙasa: ƙaron hano da na dashi, saiwar jema da ta kajiji. Ana samun su a daji ko a fadama, a busar, a daka, a zuba a kan garwashi cikin kasko. Wannan shi ne tushen turaren wuta, wanda mata ke turara ɗaki da tufafi da shi, musamman a gidan amarya da na mai jego.

Kashi na biyu ayarin Sahara ne ya kawo shi, sunayensa kuma aron Larabci ne: miski, ambar, wardi, sandal, lubban, kanumfari. Jawul ya fito daga «luban jawi», wato ƙaron ƙasar Jawa, sunan da Larabawa ke kiran tsibirin Sumatra da shi a da. Daga wannan suna ne kuma Faransanci ya samu kalmar «benjoin». Heinrich Barth, wanda ya bi ta Agadas a 1850, ya ratsa Tasawa ya isa Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa lubban da jawul da kanumfari da makamantansu da ke shiga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 15, man wardi kuwa kusan miliyan 40. Ya lura wardi bai cika fitowa kasuwa ba, sarakuna da manya ake sayar wa a ɓoye, ko a kai musu gaisuwa. Ke nan a wancan zamani matsayin mutum ne ke zaɓa masa turare. Humra kuwa, wadda ake jiƙa sandal da miski da farce a haɗa ta, daga gabas ta zo, ta hannun Larabawan Shuwa da Barebari.

Kashi na uku shi ne turaren kwalba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma shigowa ta bakin teku, ayarin Tarabulus ya ja baya. A 1920 kamfanin W. J. Bush na Landan ya fitar da Bint el Sudan. Turaren mai ne, babu barasa a cikinsa, shi ya sa Musulmi suka karɓe shi ba tare da shakka ba, har ya shiga kayan lefe. Daga nan sunan da ke jikin kwalba ya zama sunan turare.

Duk da waɗannan sauye-sauye, Bahaushe bai canza yadda yake rarraba turare ba. Da aikinsa yake sanin sa: na wuta, na shafawa, na fesawa, na tsuguno. Faransawa kuwa da yawan man ƙamshi cikin barasa suke rarrabawa: «eau de parfum» ta fi «eau de toilette» mai, ita kuma ta fi «eau de Cologne». A ƙasa mai zafi barasa kan tashi da wuri, mai kuwa ya kan daɗe a jiki, hayaƙi ya kama tufa har kwanaki. Abin da mai saye ke tambaya ke nan: yana kama jiki? Yana daɗewa?

Saboda haka masu tsara littattafan yaƙi da jahilci za su fi cin riba idan suka fara da wannan rabo da manya suka riga suka sani, sannan su ɗora bayanin abin da ke rubuce a kwalba. Masu bincike kuma akwai aiki gabansu: haɗin turaren wuta a bakin tsofaffin mata yake, ƴaƴa ke gadonsa daga uwaye, kuma sunan saiwar da aka daina haƙowa shi ne farkon ɓacewa daga harshe.