Daga toka zuwa fiya-fiya: tarihin faɗanmu da tururuwa

Yau ma tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna ba, na tururuwa. Kar ku yi dariya, ku bari in kai ƙarshe.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, wajajen Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, ya san zamanmu: gida na jikin gona, gona na jikin gida. Tun shekarun 1960 wani Bature mai suna Michael Mortimore ya yi ta nazarin karkarar Kano, saboda yawan jama'a da yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. To inda hatsi ke kwana kusa da mutum, nan ƙwaro ke tarewa. Ga tururuwa mai jidar gero, ga cinnaka mai cizo, ga kiyashi da shazumamu masu bin zaƙi da maiƙo, sai kwarkwasa da ke shigowa runduna guda da damina.

Me kakanninmu suka yi? Toka. A zagaye gindin rumbu da ita, a barbaɗa a bakin rami, a gauraya wake da ita kafin a adana. Rumbun kansa a kan duwatsu ake ɗora shi, ba ya taɓa ƙasa. Shara safe da yamma, a rufe ƙwarya da faifai, a rataye abin da ya kamata a rataye. In an gama, tokar nan ta bi taki zuwa gona. Daga baya darbejiya ta shigo cikin lissafi, ita ma baƙuwa ce, asalinta Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Borno.

Ku lura, yawancin dabarun nan kora ce, ba kisa ba. A ganina addini na da hannu a ciki: akwai sura sukutum mai sunan tururuwa a Alƙur'ani, akwai hadisin da ya hana kashe ta, ko da yake malamai sun halatta kawar da mai cutarwa. Sannan akwai yunwa. Yankin nan ya ga Kakalaba a 1914, ya ga farin 1973, kuma tonon gidan tururuwa don kwashe hatsin da ta tara sanannen abu ne a shekarun wahala. Ko a 2005 an yi haka a Nijar.

Sai zamani ya kawo gwangwani. Gamalin 20, na kamfanin ICI na Ingila, don gonakin koko na kudu aka fi kawo shi, amma ya zaga ko'ina, har kifi aka riƙa kashewa da shi. A 2008, bayan mutane da dama sun kwanta sakamakon cin wake mai guba a Gwambe da Kuros Riba, hukumar NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari talatin, ciki har da sinadarin da ke cikin Gamalin. A 2009 ya shiga jerin yarjejeniyar Stockholm ta duniya.

Wanda ya gaje shi shi ne fiya-fiya. Sinadarin dichlorvos ne, irin na cikin Sniper, ana tsiyaya shi a ƙananan kwalabe ba suna ba gargaɗi. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda shi: iyakarsu miligiram 0.01 a kilo, an samu namu ya kai 4.6. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Yanzu don Allah ku leƙa kasuwar ƙauyenku ranar da take ci, ku faɗa min ko ya ɓace.

Abin da ke ci min rai, ko aikin ma ba ya yi yadda ake zato. Waɗanda kike gani a layi, Hajiya, 'yan ɗauko ne kawai. Uwar da ke yin ƙwai tana can cikin rami, shi ya sa bayan kwana kaɗan layin ke dawowa. In aka bi layin zuwa ramin, aka toshe tsagar bango, aka goge hanyar da ruwan sabulu, ƙamshin da suke bi ya yanke. Shi kuwa fiya-fiya ta numfashi yake shiga jiki, ta fata ma haka, a ɗakin da ake kwana da goyo, tagarsa ɗaya. Kwalbar kuma galibi a ƙarƙashin gado take, inda hannun mai rarrafe ke kaiwa.