Rana da Lokutan Shekara a Tarihin Tozai

'Yan'uwa mazauna Sakkwato, Kano, Abuja da Ikko, tun kafin agogo da kalanda su shigo ƙasarmu, rana ce ke tsara wa mutumin Tozai aikinsa, har ma da halinsa. Tsawon yini a wurinmu ba ya sauyawa sosai kamar a Ingila. Bambancin Disamba da Yuni kimanin sa'a ɗaya da rabi ne kawai. Abin da ke juya rayuwarmu shi ne zafin rana da ruwan da ke biyo bayansa.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. A ƙarshen Afrilu rana kan tsaya daidai bisa kai, har mutum ya taka inuwarsa. Iyayenmu kan gama sharar gona da hantsi, su koma gindin itace sai la'asar. Lokaci ne na gajen haƙuri, shi ya sa faɗan bakin rijiya ya fi yawa a cikinsa. Shi ne kuma lokacin sanƙarau, wanda a 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa.

Ruwan shuka kan sauka wajen Yuni, zukata su yi sanyi. Amma kada koren gona ya ruɗe mu. A malkar Agusta ne rumbu ke ƙarewa, gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, magidanci ya tafi ƙwadago gonar wani ya bar tasa cikin ciyawa. Sai kaka ta zo a ga fara'a: a biya bashi, a ɗaura aure, a buɗe fagen dambe da kokawa.

Idan hunturu ya shigo da hazo, tsofaffi su kewaye wuta, samari kuwa su ɗaura kaya. Cin rani ba yau aka fara ba. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙidaya fiye da mutum 250,000 a kan hanyoyin fita daga lardin Sakkwato, har da na ƙasar Faransa, wasu sun nufi Gwalkwas. Da yawa daga cikinku jikokin waɗannan matafiya ne. Su dai sukan dawo kafin shuka.

Mun ga kuma shekarun da tsarin ya karye. A farin 1973 muna yara, muka ga Buzaye da mutanen Adar suna kwararowa ta Ƙonni zuwa Illela ba ko akuya. A 1984 muna ƙananan malamai, aji ya riƙa raguwa a gabanmu domin gidaje sun tashi.

To, ga inda muka nufa. Fanka da famfo sun sa wasunmu sun mance da wannan lissafi. Mafi yawan aike kan iso gida da salla ko da kaka, sa'ad da hatsi ke araha. Buhu guda a Agusta ya fi uku a Nuwamba, domin shi ke tsare magidanci a gonarsa. Shawararmu ga ƙungiya ita ce ta sayi gero da kaka ta ajiye har malka, ta gyara rijiyoyi kafin Maris, ta dasa itatuwa a Yuli. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.