Rahoton da Gwamnati Ta Buga, Jama'a Suka Yaɗa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji baƙar fata sun koma gida Amurka, suka tarar da wariyar launin fata tana nan daram. A watan Fabrairu na 1946, a Jihar Karolina ta Kudu, 'yan sanda suka yi wa wani tsohon soja, Isaac Woodard, dukan da ya makantar da shi, alhali yana sanye da kakinsa. A watan Yuli kuma wani gungun fararen fata ya harbe baƙar fata huɗu a Jihar Jojiya.

Wannan ta'asa ita ce ta sa Shugaba Harry Truman ya kafa kwamiti mai mutum 15 a watan Disamba na 1946, a ƙarƙashin jagorancin Charles Wilson. A watan Oktoba na 1947 kwamitin ya miƙa rahotonsa mai suna To Secure These Rights, wato "domin tabbatar da waɗannan haƙƙoƙi". Ya nemi a yi dokar hana kisan gilla, a soke harajin jefa ƙuri'a, a kuma daina raba sojoji bisa launin fata.

To, amma gwamnati kwafi 25,000 kacal ta buga, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 140. Da a nan aka tsaya, da rahoton ya ƙare a ofisoshi, ƙura ta binne shi. Sai jaridu suka shiga buga shi kashi-kashi, ƙungiyoyin addini da na ƙwadago da na kare haƙƙin jama'a suka sake buga shi, ko taƙaitaccen bayaninsa, suna rabawa. Ta haka kwafi kimanin miliyan guda suka isa hannun mutane.

Ba a daɗe ba aka ga tasirinsa. A watan Fabrairu na 1948 Truman ya aika wa majalisa shawarwarin, amma 'yan majalisar kudu suka yi masu tarnaƙi. Ran 26 ga Yuli sai ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a rundunar soja. Wasu daga cikin sauran buƙatun sun jira dokokin 1957 da 1964 da 1965.

Darasin a nan shi ne, rubuta gaskiya daban, isar da ita daban. Rahoton ya rayu ne domin masu buƙatarsa ba su jira maɗaba'ar gwamnati ba.