Tekun da ya taɓa ratsa Sahara

Kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce, ruwan teku ya malale inda hamadar Sahara take a yau. Duniya na da ɗumi ƙwarai a wancan zamani, ƙanƙara ba ta taru ba, ƙasan teku kuma yana kumbura yayin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Ruwa ya tumbatsa: tekun Tetis ya kwararo daga arewa, Atlantika ta hauro ta kwarin Binuwai, suka haɗu.

Ruwan ya sha janyewa yana dawowa, har ya tafi gaba ɗaya kimanin shekaru miliyan 50 baya. Bawon halittunsa ne ya daskare ya zama farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka ta jihar Gombe da Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Buhun da ɗan kasuwa ya sauke daga can ragowar tekun ne. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata dabbar teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus.

Yau gabashin Kano ba shi da mafita zuwa teku. Ruwan saman Toranke, Ajingi da Gaya yana gangarawa Kogin Haɗeja ne, ya nufi Tafkin Chadi.