Yaron da ba ya ganin allo: yadda ake tantance shi kafin a ba shi gurbin ilimi na musamman

A unguwanninmu na nan kudu, daga Sabon Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba da Ama Hausa ta Owerri, idan aka gano yaro ba ya gani sosai, tambayar farko da iyaye ke yi ita ce wace makaranta za a kai shi. Ni a ganina akwai tambayar da ta riga wannan: nawa ne ya rage masa na gani, kuma yaya yake amfani da shi? Amsarta ce ke nuna ko tabarau kawai yake buƙata, ko littafi mai manyan baƙaƙe, ko rubutun makafi. Ana samun amsar ne ta hanyar tantancewa mai matakai uku.

Alamomin da za su sa a tashi tsaye

Yaro yana manna littafi a fuska, ko yana ƙanƙance ido idan zai duba allo. Yana kwafar aiki daga littafin abokin zamansa maimakon allo. Yana yawan tuntuɓe, musamman bayan magariba, wato dundumi. Ƙwayar idonsa tana rawa, ko ana ganin fari a tsakiyar baƙin idon. Wannan na ƙarshe ba a kwana da shi, asibiti ake nufa. Da yawa daga cikin yaran da ake kira daƙiƙai a aji, ko ake dukansu a islamiyya kan sun kasa biya karatu, ba ƙwaƙwalwa ce matsalarsu ba, ido ne.

Mataki na farko: gwajin asibiti

Likitan ido zai tsayar da yaro mita 6 daga allon gwaji, ya auna kowane ido shi kaɗai. Yaron da bai iya karatu ba ana nuna masa harafin E a juye ta fuskoki daban-daban, shi kuma ya nuna da yatsu inda ƙafafunsa suka dosa. Sakamakon yana fitowa da lamba biyu. Idan aka rubuta 6/18, ana nufin abin da mai lafiyayyen ido ke gani daga mita 18, shi sai ya matso mita 6.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ganin da bai kai 6/18 ba matsakaicin rauni ne, wanda bai kai 6/60 ba rauni ne mai tsanani, wanda bai kai 3/60 ba kuwa makanta ce. Idon da ya fi lafiya ake dubawa. Wajen neman gurbin ilimi na musamman, abin lura shi ne yadda yaro ke gani bayan an sa masa tabarau ko an yi masa magani. Idan gilashi ya gyara ganin, to magana ta ƙare, ajinsa zai koma. Ana kuma auna faɗin gani, don akwai yaron da zai karanta ƙananan baƙaƙe tsaf amma ba ya ganin gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Ku roƙi likita ya rubuta musabbabin, da kuma ko ganin zai tsaya a haka ko zai ci gaba da raguwa. Yanar ido da aka haifi yaro da ita ana cire ta da aiki, kuma jinkiri na iya sa ganin ya ƙi dawowa. Hawan jinin ido yana cin gani a hankali. Tabon da ƙyanda ko ƙarancin bitamin A ya bari, shi ma hukuncinsa daban. Ana irin wannan gwaji a asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan, da cibiyar ido ta Guinness a LUTH da ke Idi-Araba, da asibitin ido na Guinness a Onitsha.

Mataki na biyu: yadda yake amfani da ganin

Takardar likita ita kaɗai ba ta isa ba. Yara biyu za su iya fitowa da lamba ɗaya, ɗaya yana karanta littafi, ɗayan ba ya iyawa. Shi ya sa malamin ilimi na musamman yake lura da yaro a cikin aji da filin wasa: daga wane nisa yake ganin allo, wane girman rubutu yake karantawa, minti nawa yake yi kafin idon ya gaji, yana iya hawa bene shi kaɗai? Haske ma abin dubawa ne. Yaro zabiya, alal misali, hasken rana ke damunsa, don haka kujerar gaba nesa da taga da rubutu mai kauri sukan yi masa amfani ƙwarai.

Mataki na uku: da me zai yi karatu

A nan ake yanke ko zai yi karatu da ido, ko da yatsu, ko da duka biyun tare da sauraro. Rubutun makafi, wato Braille, ɗigo 6 ne ake jujjuya su a fitar da baƙaƙe da lambobi. Ba kowane mai raunin gani ke buƙatarsa ba. Amma idan likita ya ce ganin zai ci gaba da raguwa, gara a fara koya masa tun yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan mataki ake duba ko yana buƙatar gilashin ƙara girman rubutu, ko koyon tafiya da farar sanda.

Abin da ya shafe mu musamman

Yaronmu da ya tashi da Hausa a gida, za a iya yi masa tambayoyi da Turanci ko Yarbanci ko Ibo. Idan ya yi shiru, sai a rubuta cewa yana da raunin fahimta, alhali yaren ne bai ji ba. Ku je da wanda zai yi tafinta, ku kuma faɗa wa masu gwajin tun farko. Haka nan duk gwajin basirar da ya dogara da kallon hotuna ba adalci ba ne ga yaron da ba ya ganin hoton.

Bayan tantancewa

Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare. A Legas akwai ofishin LASODA mai kula da al'amuransu, da azuzuwan haɗaka a wasu makarantun gwamnati, da makarantar Pacelli a Surulere da aka kafa a 1962. A gabas akwai cibiyar Oji River a jihar Enugu. Kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo ita ke horar da malamai da yawa na wannan fanni, kuma hukumar JAMB tana da tsari na daban ga makafi masu neman shiga jami'a.

Shawarata, ku ajiye kwafin kowace takarda, ku maimaita gwajin duk shekara ko da zarar kun ga canji, kuma ku guji ɗiga wa yaro magungunan da ba likita ya rubuta ba. Yaron da ba a tantance ba yakan ƙare a gida ko a titi yana bara. Wanda aka san matsayin ganinsa kuwa, an san abin da za a nema masa da kuma ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya.