Ruwan da Muke Sha Daga Kano Yake Tasowa

Iyayenmu a Nguru da Gashuwa sun taso da ambaliyar damina: fadama ta cika, a noma shinkafa, a kama kifi. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, ta Challawa kuma a 1992. Daga nan ambaliya ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina ya raini kacalla har ta toshe hanyoyinsa. Ga kuma dagwalon masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa yana malala cikin kogin da ke gangarowa wajenmu.

Yanzu Kano na neman lantarki daga madatsun biyu. 'Yan'uwa, mu ne a ƙarshen kogi. Mu nemi a gwada ruwan, a bayyana mana sakamako, kafin a ba da kowane izini.