Bafaranshen da Ke Yi wa Kufai Rufi

Masu buga wasan kwamfuta na Assassin's Creed Origins, wanda ya fito a 2017, sun zaga titunan Iskandariyya ta zamanin Kiliyofatara. Kaɗan ne cikinsu suka san cewa a cikin waɗanda kamfanin Ubisoft ya nemi taimakonsu har da wani dattijo da ke aiki da fensir da tawada da fentin ruwa. Sunansa Jean-Claude Golvin.

An haife shi a Sfax ta ƙasar Tunisiya a 1942. Mahaifinsa, Lucien Golvin, masanin gine-ginen Musulunci ne na arewacin Afirka, don haka za a iya cewa gado ya yi. Zanen gine-gine ya karanta. A 1973 aiki ya kai shi garin El Jem na Tunisiya, inda Rumawa suka gina wani makeken dandalin wasa mai zagaye a ƙarni na 3, mai cin mutum kusan 35,000. Nan ya fara awon duwatsu ɗaya bayan ɗaya, sha'awar kufai ta kama shi, ba ta sake shi ba. Digirinsa na uku, a 1985, a kan irin waɗannan dandamali na Rumawa ya yi shi. Daga 1979 zuwa 1990 kuma shi ne shugaban cibiyar haɗin gwiwar Faransa da Masar da ke nazarin haikalin Karnak a Luksor, wurin nan mai zauren ginshiƙai 134.

Sai wajen 1989 ya duƙufa ga zanen da ya sa duniya ta san shi. Wato mutumin ya shafe shekaru fiye da goma sha biyar yana shan rana da ƙura kafin ya yarda ya nuna wa jama'a yadda yake ganin gini ya kasance. A ganina nan bambancinsa yake da masu zanen kai-tsaye daga tunani.

Marubucin tarihi yana da mafaka. Idan bai san yadda rufin gini yake ba, sai ya rubuta "wataƙila", ya wuce. Mai zane ba shi da wannan damar. Ko ya sa rufi ko ya bar shi, in kuma ya sa, dole ya faɗi tsayinsa da abin da ke riƙe da shi. Golvin yakan fara da abin da ke ƙasa: harsashi, kaurin bango, guntun ginshiƙi. Kaurin bango yana nuna nauyin da ya ɗauka. Abin da ya ɓace sai ya nemo shi a ginin da ya yi kama da shi. A dandalin Nîmes na Faransa, alal misali, har yau akwai duwatsu masu huda a saman bango, inda ake kafa sanduna a ɗaura rumfar yadi don yi wa 'yan kallo inuwa. Ramin da ya tsira a can shi ke ba da hujjar zana rumfa a wani wurin da samansa ya zube.

Hasumiyar Iskandariyya, mai haska wa jiragen ruwa hanya, ta fi wuya, don babu ita sam. Girgizar ƙasa ta cinye ta. Ibn Battuta ya gan ta a 1326 gefe guda ya rushe, da ya dawo a 1349 ko shiga ba ta yiwuwa. Daga baya Sarkin Masar Ƙaitbay ya gina ganuwarsa a gurbinta. To da me za a zana ta? Da tsoffin sulalla masu ɗauke da siffarta, da bayanan matafiya Larabawa da suka auna ta, da wata ƙaramar hasumiya a Abusir da ake ganin kwaikwayonta ce. Idan aka haɗa su, suna nuna hawa uku: na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai takwas, na sama zagayayye.

Akwai haɗari, ba shakka. Zane mai kyau yakan sa mai kallo ya ɗauki hasashe a matsayin tabbas, shi kansa Golvin kuma ba ya ɓoye cewa wani sashe na kowane zane ƙiyasi ne. A 2010 ya ba gidan tarihi na Arles kyautar zanensa fiye da 1,000, da daftarinsu, don mai bincike ya bi sawu ya ga inda shaida ta tsaya.